Yankan albashi: ina kuɗin ke zuwa, wa ke da alhakin kai su?

 Tambaya guda ta yawaita a wayoyin da kuke bugo mana daga Filinge, Shikal da Bonkuku: an yi da mutum jikka 60 a wata, ranar biya sai a miƙo mishi abin da bai kai ba, a ce "an yanke". Me anka yanke, kuma wa ya karɓa?

Ga manyan yanka biyu da doka ta sani. Na farko lanhon albashi, wanda ake kira ITS, na ma'aikatar haraji ne, wato DGI. Ana ɗaukar shi hawa-hawa: jikka 25 na farko kashi 1 cikin 100, jikka 25 na biyu kashi 2, haka yake hawa gwargwadon girman albashi. Mai iyali ana rage mishi gwargwadon nauyin da ke kanshi, amma sai ya kai takardar aure da ta haihuwar yara. Wanda bai je ofishin magajin gari ya yi su ba, lanhon gwauro zai riƙa biya ko da gidanshi cike yake.

Na biyu kuɗin asusun ma'aikata, CNSS. Ana cire kashi 5,25 cikin 100 daga albashi, shi kuma uban gida ya ɗora kashi 16,4 daga aljihunshi. A albashin jikka 60, rabon ma'aikaci sefa 3.150 ne, na uban gida 9.840. Daga nan kuɗin ritaya ke fitowa, da kuɗin yara, da magani in mutum ya ji rauni a bakin aiki. In anka ɗora maka rabon uban gida, an cuce ka.

Abin da anka yanke amana ne, ba jarin shago ba. Wajibin uban gida ne ya rubuta ma'aikacinshi a CNSS a ba shi lamba, ya kai lanhon wata kafin 15 ga watan da ke biye ta wuce, ya kuma ba da takardar albashi mai nuna kowane yanka. Hatsarin a nan yake: mai gadi ko malamin makarantar kuɗi ya shekara goma ana yanka mishi, sai ya kai shekara 60 ya je neman haƙƙinshi, a duba a ce babu sunanshi. A lokacin ƙarfi ya ƙare, gonar ma ta gagare shi.

Ƴan uwanmu na Abijan, Kumasi, Legas da Kwatano, ku ma ta shafe ku. In ka aiko kuɗi anka buɗe kantin magani ko makaranta da sunanka, ka bar wa ƙanenka riƙo, kai ne uban gida. In bai kai kuɗin ba, bashi da tara a kanka suke. Ka ce ya ɗauki hoton rasit ya turo maka ta WhatsApp. Ka kuma tuna albashi mafi ƙanƙanta ya tashi daga sefa 30.047 zuwa 42.000 tun Janairun 2024.

Kai kuma ma'aikaci, nemi lambarka ta CNSS, ka adana takardun albashinka cikin leda yadda kake adana takardar gona, kada gara ko ruwan damina su ci. In an hana ka, fara da magana cikin mutunci. In ta ƙi, ofishin sufeton aiki domin haka anka kafa shi. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya ba mu halaliyarmu.