Sam Carr: makaɗin da ya yi rayuwa tsakanin tarakta da ganga

A gidajen rawa na karkarar jahar Misisipi, a kudancin Amurka, idon jama'a yana kan mai waƙa ko mai jita. Mai ganga yana can baya. A wannan wurin zama ne Sam Carr ya yi sama da shekara 50, har masana kiɗin blues suka sanya shi cikin manyan makaɗan yankin Delta.

An haife shi a shekara ta 1926 a jahar Arkansas. Mahaifinsa, Robert Nighthawk, shahararren mai jita ne, sai dai ba shi ya rene shi ba. Wasu manoma masu suna Carr ne suka riƙe shi a gonarsu da ke kusa da Dundee, kuma sunansu ya ɗauka. Sai da ya tasa ya bi uban zuwa garin Helena, inda ya yi masa aikin tsaron ƙofa da tuƙi.

Ganga ba da ita ya fara ba. A birnin St. Louis ne ya rungume ta, kuma a can, a 1956, ya haɗu da Frank Frost, abokin da ya yi kiɗi tare da shi har mutuwar Frost a 1999. Da suka koma Misisipi, Big Jack Johnson ya zama na ukunsu. A 1962 suka yi faifan "Hey Boss Man!" a kamfanin Sam Phillips na Memphis, mutumin da ya fito da Elvis Presley.

Faifan bai sauya musu rayuwa ba. Carr ya ci gaba da tuƙa tarakta a gonaki, in ƙarshen mako ya zo a loda kayan kiɗi a nufi ƙananan gidajen rawa. Wataƙila wannan ne ya tsare masa salonsa: bugu ne mai nauyi, ba yawan ado, wanda aikinsa guda shi ne ya tada mutanen da suka wuni a gona su taka rawa. Sai a 1979, da kamfanin Earwig na Chicago ya fitar da "Rockin' the Juke Joint Down" da sunan ƙungiyarsu Jelly Roll Kings, duniya ta waiwayo su.

Da tsufa ne girmamawa ta zo. Buddy Guy ya gayyace shi cikin faifansa "Sweet Tea" na 2001. A 2003 ya fito a fim ɗin Martin Scorsese mai suna "Feel Like Going Home", wanda ya bi sawun blues daga Misisipi har zuwa Mali, maƙwabciyar Nijar, wajen Ali Farka Touré.

Sam Carr ya rasu a Clarksdale cikin watan Satumba na 2009, yana da shekara 83.