Jeruwar Duniyoyi Ba Ta Girgiza Ƙasa

Duk bayan 'yan watanni sai wani saƙo ya karaɗe WhatsApp da Facebook, wai a rana kaza duniyoyi za su jeru a layi ɗaya, ƙasa ta girgiza, duhu ya rufe ko'ina har kwana uku, kowa ya tanadi kyandir da abinci. Yawancin masu turawa tsoro ne ya kama su, suna ganin taimako suke yi. Ita kuwa ƙaryar a kan abu guda aka gina ta, wato rashin sanin irin nisan da ke tsakanin waɗannan halittu.

Duniyoyi takwas ne ke zagaya rana. Huɗu na kusa da ita na dutse ne: Uɗaridu, Zuhura, wannan tamu, sai Mirrihi mai ja-ja. Huɗu na can nesa manya ne, na iska da ƙanƙara: Mushtari, Zuhalu mai zobe, Uranus da Naftun. Bahaushe ya daɗe da sanin ɗaya daga ciki. Zara matar wata da ake gani da magariba, da Gamzaki mai fitowa gab da asuba, duk Zuhura ce, tana yin watanni a yamma sannan ta koma gabas, kuma hasken rana take aro kamar yadda wata ke yi. Don a gane nisan, a ɗauka rana ƙwallon ƙafa ce aka ajiye a bakin raga. Duniyarmu a wannan ma'auni ƙwayar gero ce, can wajen mita 24. Mushtari, wanda cikinsa zai ci irin duniyarmu fiye da 1,300, bai wuce ɗan aduwa ba, kuma sai an wuce ɗaya ragar, an kai wajen mita 120, za a iske shi. Naftun ƙwayar wake ce a mita 700. Tsakaninsu fili ne fetal. To, ɗan aduwa da ke bayan filin wasa, da wane hannu zai girgiza ƙwayar gero?

Jeruwar da ake kururutawa ma a idonmu take. Duniyoyin duka suna zagaya rana ne kusan a shimfiɗa guda, kamar dawakai a filin sukuwa, shi ya sa duk lokacin da suka bayyana tare sai a gan su a kan hanya ɗaya daga gabas zuwa yamma. A ranar 21 ga Disamba 2020 Mushtari da Zuhalu sun yi kamar za su taɓa juna, alhali tsakaninsu ya haura kilomita miliyan 700. Mutum biyu ne, ɗaya a ƙofar gida ɗaya a bakin kasuwa, ka hango su a saiti guda.

Mai hankali zai ce ai wata yana jan ruwan teku, me zai hana duniyoyi? Tambayar tana kan hanya, amma lissafi ya amsa ta. Wata yana nan kusa, kilomita 384,000 kacal, kuma irin wannan ja yana raguwa da sauri ƙwarai idan aka nisanta. Zuhura ce duniyar da ta fi kowace matsowa gare mu, duk da haka ba ta sauka ƙasa da kilomita miliyan 38, kuma tasirinta a kan teku bai kai kashi ɗaya cikin 10,000 na wata ba. An ma riga an gwada. A 1974 wani littafi a Amurka ya yi hasashen taruwar duniyoyi a ɓangare ɗaya na rana a 1982 za ta tayar da girgizar ƙasa a Kalifoniya. Maris na 1982 ya zo ya wuce lafiya. Aka sake yin irin wannan kururuwar a Mayun 2000, aka ƙara a Disambar 2012, ga mu nan.

Wani kuma zai ce masanan ba su da tabbas, tunda jiya sun ce tara yau sun ce takwas. Abin da ya faru a birnin Furag a 2006 gyaran suna ne. An gano wasu ƙananan halittu irin Fuluto, wanda a da ake ƙirgawa a matsayin duniya ta tara, a can ƙarshe, sai ƙungiyar masana taurari ta duniya ta sa shi a rukuninsu. Fuluto bai gusa daga hanyarsa ba, lissafin tafiyar duniyoyi bai canza ba, kuma da shi ake faɗin minti da husufi zai kama tun shekaru kafin ya zo. Imani da cewa komai na hannun Allah bai hana a auna abin da Ya halitta ba, bai kuma halatta a firgita jama'a da labarin da ba shi da tushe ba.

Idan saƙon ya sake shigowa wayarka, kada ka tura shi gaba. Ka fita da yara bayan magariba, ka nuna musu Zara idan lokacinta ne.