Shafin Gabatar da Kai a Intanet da Neman Abokan Ciniki: Misali Daga Mata 'Yan Kasuwa na Bawku

1.0 Gabatarwa

Ciniki tsakanin mutane biyu da ba su taɓa ganin juna ba yana buƙatar wani abu da zai tsaya a tsakaninsu, wanda zai sa mai saye ya saki kuɗinsa, mai sayarwa kuma ya saki kayansa. Wannan abu shi ne amana. Wannan takarda za ta dubi yadda mace 'yar kasuwa a garin Bawku na ƙasar Gana za ta tsara shafin gabatar da kanta a dandalin intanet, ta yadda baƙon da ke Kumasi ko Ankara, babban birnin ƙasar, ko ma wata ƙasa, zai amince ya yi ciniki da ita. Za a fara da waiwayen yadda fatake suka magance wannan matsala a zamanin da, domin a nan ne za a gane ainihin aikin da shafin yake yi. Daga nan sai a bi sassan shafin ɗaya bayan ɗaya.

2.0 Ma'anar Shafin Gabatar da Kai

Shafin gabatar da kai shi ne wurin da mutum yake rubuta sunansa da sana'arsa da garinsu da hanyar samunsa a wani dandali na intanet. Dandalin da aka gina musamman domin haɗa masu sana'a shi ne LinkedIn, wanda ya fara aiki a shekarar 2003, kamfanin Microsoft ya saye shi a 2016, kuma yawan masu rajista a cikinsa ya kai biliyan ɗaya a 2023. Sai dai a kasuwannin arewacin Gana an fi sabawa da Facebook da WhatsApp. A shekarar 2018 aka fito da WhatsApp Business, wanda yake bai wa ɗan kasuwa damar rubuta bayanin sana'arsa da lokutan aikinsa, sannan a 2019 aka ƙara masa wurin jera hotunan kaya da farashinsu. Duk da bambancin waɗannan dandali, tambayoyin da baƙo yake zuwa da su iri ɗaya ne: wace ce wannan, me take sayarwa, a ina take, kuma wa ya san ta?

3.0 Amana a Tsohon Tsarin Fatauci

A ƙarni na 19 fataken Hausa sun riƙa zuwa Gwanja sayen goro, kuma Salaga ce babbar kasuwarsu har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya watsa garin. Wata hanyar ayari ta bi ta Sansanin Mango da Yendi, wata kuma ta gangaro daga ƙasar Mosi ta Bawku da Gambaga. Paul Lovejoy ya yi bayanin wannan fatauci a littafinsa na 1980.

Bafataken da ya iso garin da ba a san shi ba yakan sauka a wurin maigida, wato mai masaukin baƙi. Maigida ne yake ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta, ya kuma tsaya masa idan an yi cinikin bashi. Polly Hill ta nazarci wannan tsari a Kumasi a 1966, Abner Cohen kuma ya nazarce shi a Sabon Ibadan a 1969. Abin lura a nan shi ne, sunan maigida ne jarinsa, kuma da wannan suna baƙo yake cin kasuwa.

Macen da ke neman ciniki ta waya a yau tana cikin halin wancan baƙo, sai dai ba ta da maigida. Ayyukan da maigida yake yi, wato gabatarwa da tafinta da tsayawa shaida, duk sun koma kan shafinta. Saboda haka ma'aunin kyawun shafi shi ne ko ya yi waɗannan ayyuka uku ko bai yi ba.

4.0 Halin da Matan Bawku Suke Ciki

Bawku tana Jihar Gabas ta Sama, kusa da iyakar Burkina Faso ta Kulungugu da iyakar Togo ta Pulmakom. Kusasawa da Mamfurusawa da Busanga da Mosawa da Hausawa duk suna cin kasuwarta, kuma Hausa na daga cikin manyan harsunan ciniki a cikinta. An san yankin da jar albasa wadda ake kira da sunan garin, haka kuma mata suna sarrafa man kaɗe da daddawa da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, wasu kuma suna saƙar ƙyallen da ake ɗinka rigar fugu da shi.

Rikicin sarauta da ya daɗe a garin ya sake tashi a ƙarshen 2021, kuma a shekarun da suka biyo baya gwamnati ta sha kafa dokar hana fita, har da hana maza hawa babur a wasu lokuta. Idan hanya ta yi wuya, mai sari daga kudu yakan fasa zuwa, albasa kuwa ba ta jira. Macen da cinikinta duka ya dogara ga wanda ya tako zuwa rumfarta ita ce ta fi shan wahala a irin wannan yanayi. Wadda take da abokan ciniki a nesa da suka san ta ta waya tana iya ɗora kaya a mota a biya ta ba tare da kowa ya taso ba. Wannan ne ya sa batun shafi ya zama batun abinci da kuɗin makarantar yara.

5.0 Sassan Shafi

5.1 Suna

Kamfanin MTN ya fara harkar tura kuɗi ta waya a Gana a 2009, a 2018 aka haɗa layukan kamfanoni daban-daban ta yadda za su tura wa juna, sannan a 2025 aka soke harajin da aka ɗora wa tura kuɗin a 2022. Duk wanda zai tura kuɗi yakan ga sunan da aka yi rajistar layin da shi kafin ya amince. To, idan shafi yana ɗauke da sunan mace, amma da aka zo biya sai sunan mijinta ko na ɗanta ya fito, baƙo zai ja da baya, domin haka 'yan damfara suke yi. Ya kamata sunan da ke shafi da wanda ke katin ɗan ƙasa da wanda ke layin karɓar kuɗi su zama ɗaya. Idan kuma da laƙabi aka fi sanin ta a kasuwa, sai ta rubuta shi bayan sunan na ainihi.

5.2 Hoto

Hoto mai haske da aka ɗauka da rana a wurin aiki ya fi wanda aka ɗauka a wurin biki. Akwai matan da ba sa son nuna fuskarsu saboda dalilin addini ko na gida ko na tsaro, kuma wannan bai hana su shafi mai kyau ba. Irin wannan mace tana iya sa hoton kayanta ko na hannuwanta a kan aiki. Abin da bai dace ba shi ne ɗauko hoton kayan wani daga intanet, domin ranar da kaya suka isa aka ga sun bambanta, ranar ciniki ya mutu.

5.3 Kanun Shafi

Wannan shi ne ɗan layin da ke ƙarƙashin suna, kuma LinkedIn bai yarda ya wuce haruffa 220 ba. Da yawa sukan cika shi da kalmomi kamar "'yar kasuwa" ko "mai neman na kanta", waɗanda ba su gaya wa mai saye komai ba. Kanun da ke aiki yana ambaton kaya da gari da irin cinikin. Misali: "Mai sarrafa man kaɗe tsantsa a Bawku. Sari da ɗai-ɗai. Ana aikawa Tamale da Kumasi da Ankara." Dalili shi ne, mai saye ba sunanta yake rubutawa a wurin bincike ba, tun da bai san ta ba. Sunan kayan yake rubutawa, kuma shafin da ke ɗauke da wannan suna shi na'ura take nuna masa.

5.4 Bayanin Sana'a

A nan ne mata da yawa suke cijewa, domin an tashe su a kan cewa yabon kai jahilci ne. Mafita ita ce a bar yabo a kawo bayani. Faɗin cewa "kayana sun fi na kowa" yabo ne, amma faɗin shekarar da aka fara sana'a, da yawan abin da ake iya haɗawa a mako, da watannin da kaya suke samuwa, da yadda ake ƙunshe su, da kwanakin da suke yi a hanya, duk bayani ne, kuma babu rashin kunya a cikinsa. Mai sari ma abin da yake nema ke nan, domin da shi zai yi lissafi. Wajibi ne kuma a faɗi iya abin da za a iya. Macen da ke haɗa bokiti goma a mako, idan ta rubuta hamsin, za ta samu ciniki sau ɗaya ta rasa shi har abada. Idan tana cikin ƙungiyar mata da suke haɗa kaya tare, sai ta ambaci hakan, domin manyan masu saye sun fi natsuwa da ƙungiya.

5.5 Shaida

Wannan sashe ne ya fi kusa da aikin maigida. Shaida iri biyu ce. Ta farko ita ce ta hukuma: rajistar sunan sana'a a Ofishin Magatakardan Kamfanoni, da lambar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ga mai sayar da abin ci ko na shafawa a cikin kwalba ko leda. Hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta Gana tana da cibiyoyin ba da shawara a gundumomi da ke taimakawa wajen irin wannan rajista. Ta biyu ita ce ta mutane. LinkedIn yana da wurin da abokin ciniki zai rubuta shaida da sunansa, a WhatsApp kuma ana iya nuna saƙon godiyar wanda ya karɓi kaya, bayan an nemi izininsa an kuma rufe lambarsa. Shaidar mutum uku da za a iya tuntuɓa ta fi dogon bayanin da mai shafi ta yi wa kanta.

6.0 Zaɓen Harshe

Tafinta na daga cikin ayyukan maigida, don haka dole shafi ya yi magana da harshen mai saye. Abin da Bahaushe yake kira man kaɗe, mai jin Tuwi a Kumasi nkuto yake ce masa, Turanci yana kiran itacen shea, Faransanci kuma karité. Macen da ke son a same ta daga waɗannan wurare sai ta sa waɗannan sunaye a shafinta. LinkedIn ya fi dacewa da Turanci, domin a can ake samun kamfanonin man shafawa da ƙungiyoyi irin su Global Shea Alliance, wadda aka kafa a 2011 mai hedikwata a Ankara. Ga masu sari na zangon Kumasi ko na Sinkase da ke kan iyakar Togo da Burkina Faso kuwa, saƙon murya da Hausa ya fi saurin kai wa ga ciniki. Hausar Gana ta bambanta da daidaitacciyar Hausa, musamman wajen rashin bambanta jinsin namiji da na mace, amma wannan ba aibi ba ne a ciniki. Idan wani ne ya rubuta mata Turancin, ya kamata ya karanta mata ya fassara, domin kada a yi alƙawari da sunanta ba ta sani ba.

7.0 Abubuwan Kiyayewa

A garin da ke fama da rikici, shafin sana'a ya tsaya a kan sana'a. Maganar sarauta ko ƙabila ko jam'iyya tana iya korar rabin masu saye, tana kuma iya jawo wa mai shafi haɗari. Haka nan bai kamata a sa adireshin gida ba. Tun 2017 Gana take da tsarin adireshin zamani na GhanaPost GPS, wanda yake kai mutum har ƙofa, saboda haka na rumfa ko na wurin ƙungiya ya kamata a bayar. Lambar sirri ta asusun waya ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga kamfani yake. Wanda ya aiko da hoton rasit kuma, a duba asusu a ga kuɗi sun shiga kafin kaya su bar hannu. Daga ƙarshe, raba layin sana'a da na gida yana rage wa mace fitinar masu kiran da ba ciniki ya kawo su ba.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa matsalar da ke gaban 'yar kasuwar Bawku tsohuwa ce, wato yadda baƙo zai amince da wanda bai sani ba. Fataken Gwanja sun magance ta da maigida, ita kuma za ta magance ta da shafin da sunansa ya dace da na layin biya, kanunsa ya ambaci kaya da gari, bayaninsa ya tsaya a kan gaskiya, kuma yake da shaidun da za a iya tambaya. Shafi dai yana kawo mai saye na farko ne kawai. Abin da zai dawo da shi, ya kuma sa ya turo wani, shi ne kaya su isa a ranar da aka ce, a kan ma'aunin da aka yi ciniki.