Furen ƙirji a bikin aure: wa ke saka shi, kuma yaya ake zaɓensa?

Hausawan da ke zaune a birane irin su Duwala, Yawunde, Abijan da Akara sukan samu gayyatar bikin maƙwabta ko abokan aiki, wani lokacin ma na surukai. A irin waɗannan bukukuwa, musamman na coci ko na ofishin magajin gari, akan ga wasu mata da ɗan ƙullin furanni a ƙirji ko a wuyan hannu. Furen ba ado ne kawai ba. A al'adar Turawa alama ce ta kusanci: uwar amarya, uwar ango da kakanni su ake ba. Wadda aka miƙa wa shi an karrama ta, baƙuwar da ta sayo nata kuwa tana iya shiga sahun da ba nata ba.

Sunansa ya samo asali ne daga Faransanci, "bouquet de corsage", wato furannin da ake maƙalawa a gaban riga. Sai dai a Faransancin yau "corsage" rigar mata ce ta sama, don haka gara a yi wa mai sayar da furanni bayani dalla-dalla. Na maza, wanda ake sakawa a wuyan kwat, sunansa "boutonnière".

Abu na farko da ake dubawa shi ne zafi. Furen da aka yanke ba ya samun ruwa, kuma biki na ɗaukar yini guda. Okid da kaneshan sun fi jure rana, furen wardi ma yana ƙoƙari idan bai gama buɗewa ba. A guji "chrysanthème" a bikin da ke bin al'adar Faransa, domin can furen makabarta ne, wanda ake kai wa mamata ranar 1 ga Nuwamba.

Na biyu shi ne tufafi. Shadda da atamfa suna ɗaukar fil ba tare da matsala ba, amma leshi mai tsada ko mayafi mai shara-shara na iya yagewa saboda nauyin furen. Mai irin wannan shiga, ko wadda gyalenta zai rufe ƙirjinta, na wuyan hannu ya fi dacewa da ita. Launi kuwa ya bi na ankon biki, kada ya yi gasa da shi.

Ana maƙala shi a ɓangaren hagu, ƙasa kaɗan da kafaɗa, furanni na kallon sama, da fil biyu don kada ya karkace. Kafin lokacin, a ajiye shi cikin firji, ban da wurin ƙanƙara, kuma nesa da ayaba ko tuffa, domin iskar da suke fitarwa yayin nuna tana sa fure yaushi da wuri. A karɓo shi ranar bikin ko ana gobe, a saka shi dab da fita.