Ƙullin Gishiri Don Gasa Jiki

Duk wanda ya yini yana dako a kasuwar Kejetia ta Kumasi, ko yana tura amalanke a Nima, ya san yadda kafaɗa da ƙugu suke sagewa da daddare. Kuɗin chemist kuwa ba kullum ake samu ba.

Iyayenmu mata a zango suna da dabararsu tun da daɗewa. Sukan zuba gishiri mai tsakuwa kamar gwangwanin madara biyu a busasshen kasko, su yi ta juyawa a kan garwashi har ya ɗau zafi, sannan su juye a tsohuwar safa ta auduga, su ƙulle bakin. Kada a yi da ta leda, narkewa take. In babu gishiri, gero ko shinkafa ma sun yi, sai dai gishiri ba ya ƙonewa, kuma a yi ta maimaita shi har wata da watanni.

Kafin a ɗora, a naɗe ƙullin da tawul, a taɓa a cikin hannu a ji. Minti 15 zuwa 20 sun isa. Zafin yana buɗe hanyoyin jini, naman da ya ɗaure ya saki. Wasu sukan bi da man kaɗanya.

Amma jama'a a yi hattara. Sabon targaɗe mai kumburi ba a gasa shi a kwana biyun farko, sanyi yake so. Mai ciwon sukari wanda ƙafarsa ta daina jin zafi yana iya ƙonewa bai sani ba. Kada kuma a yi barci da ƙullin a jiki, ko a ɗora wa jariri.