Yadda ake lissafin makin jarabawar BEPC da Bak

Ya ku iyaye da ɗalibai, a kowace shekara idan sakamako ya fito akan ji ɗalibi yana cewa an zalunce shi, domin ya haɗa makinsa ya ga ya wuce 10, amma babu sunansa cikin waɗanda suka ci. Sau da yawa hanyar lissafin ce bai sani ba.

A Nijar, Kamaru da Cadi, makarantun da ke bin tsarin Faransanci suna gyara kowane darasi a kan maki 20, kuma ana cin jarabawa da matsakaicin maki 10, wanda ɗalibai ke kira muwayen. Sai dai darussa ba nauyinsu ɗaya ba. Kowanne yana da lambar da ake ninka makinsa da ita, ita ce kofisiyan. Ana ninka makin kowane darasi da lambarsa, a tara abin da ya fito, sannan a raba da jimillar lambobin.

Ga misali da lambobin da muka sa don sauƙin fahimta. Ɗalibi ya samu 7 a lissafi mai nauyi 4, ya zama 28. Ya samu 9 a Faransanci mai nauyi 3, ya zama 27. Larabci 15 mai nauyi 2, ya zama 30. Tarihi 14 mai nauyi 1, yana nan 14. Da zai tara 7, 9, 15 da 14 ya raba huɗu, zai ga 11,25 ya ɗauka ya haye. Amma jimillar da ake dubawa 99 ce, a raba da 10, ya tashi da 9,9. Bai kai ba.

Daga nan za ku gane yadda ake gano makin da ake buƙata. A tara nauyin darussan duka a ninka da 10. A misalinmu 100 ne. Idan ɗalibin yana sa ran 71 daga darussa uku, saura 29. Ya raba da 4, ya san cewa ƙasa da 7,25 a lissafi ba za ta fisshe shi ba. Ku lura kuma, ƙarin maki ɗaya a lissafi huɗu yake kawowa, a tarihi kuwa ɗaya tak.

A Bak na Nijar da Cadi, wanda ya kusa 10 akan ba shi damar zagaye na biyu. Wanda ya haye kuma darajarsa na ƙaruwa idan ya kai 12, 14 ko 16.

Nauyin darussa ya bambanta tsakanin sashen A na adabi da sassan C da D na kimiyya. Saboda haka kowane ɗalibi ya nemi jadawalin sashensa wurin malamansa tun farkon shekara, ya raba lokacin bitarsa gwargwadon nauyin. Wanda ya ƙware a Larabci kada ya dogara da shi kaɗai ya saki lissafi. Iyaye ma su zauna da 'ya'yansu su yi wannan lissafi da makin zango na farko, tun akwai sauran lokacin gyara.

Allah ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, ya ba su nasara. Amin.