Gorar Zoɓo da Galan ɗin Feshi

A kasuwar Talata Mafara, musamman cikin bazara lokacin da zafi ke haura digiri 40, babu hajar da ke saurin ƙarewa kamar abin da ke cikin kular masu talla: zoɓo, kunun aya, kunun zaki da lamurje. In aka ɗaga murfin kular, gorunan da ke kwance cikin ƙanƙara babu ko ɗaya da aka ƙera domin abin da ke cikinta. Wannan ta lemo ce, waccan ta ruwan sha, takardar kamfani ta jiƙe ta saɓule rabi, murfin ma sau da yawa launinsa daban da wanda kamfanin ya sa, alamar shi da gorar ba wuri ɗaya aka tsinto su ba. Haka abin yake a tashar Bakura, haka a ƙofar makarantun Maradun. Masu wa'azin tsabta sukan yi wa wannan sana'a kuɗin goro su ce a hana. Ni a ganina sake amfani da mazubi ba laifi ba ne, dabara ce ta mai ƙaramin jari wadda take rage shara kuma take ciyar da gidaje. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da mazubin ya taɓa ɗauka kafin ya iso hannun mai kunu, kuma wannan ido ba ya gane shi, hanci ma ba kullum ba.

Ba mu kaɗai ke wannan ba. A Jamus ana sayar da giya cikin ƙananan ganguna na ƙarfe masu cin lita 5, waɗanda kamfani ya yi da nufin a sha a yar, amma masu haɗa tasu a gida a Turai da Amurka sukan wanke su su sake cikawa. Giya dai ba hajar Zamfara ba ce, doka ta hana ta tun da Shari'a ta fara aiki a jihar a Janairun 2000. Abin dubawa shi ne gargaɗin da waɗannan mutane ke yi wa junansu: cikin gangar akwai siririn fenti da ke raba ƙarfe da abin sha, da zarar ya karce sai tsatsa, in kuma sukari ya yi yawa, iskar da tsimuwa ke haifarwa sai ta kumbura gangar. Suna da ruwan famfo da firji da maganin wanki na musamman, duk da haka ba sa yarda da gangar da ba su san abin da ta ɗauka ba.

Malamanmu sun riga masana ƙwayoyin cuta lura da cewa mazubi yana da hannu a abin da ke faruwa ga abin sha. A hadisin tawagar Abdul Ƙaisi da Bukhari da Muslim suka ruwaito, an hana jiƙa dabino cikin wasu mazubai huɗu, ciki har da duma da tulun da aka shafe da kwalta, kuma masu sharhi sun ce dalili shi ne jiƙon yakan yi saurin juyewa a cikinsu ba tare da mai shi ya ankara ba. Daga baya an sassauta hanin bisa sharaɗin kada a sha abin da ke bugarwa, ko da yake Risala, wadda ɗalibai ke karantawa a zaurukan Mafara har yau, ta riƙe maganar duma da mai kwalta. Abin da ilimin zamani ya ƙara shi ne bayanin yadda abin ke faruwa. Kunun zaki aikin ƙananan halittu ne: an jiƙa gero ko dawa, an niƙa da citta da kanumfari, an dama kashi ɗaya da tafasasshen ruwa, an zuba ɗanyen ƙullun da aka rage, an bar shi ya kwana. A wannan kwanan ne wasu ƙwayoyi masu amfani ke cin sukarin hatsin suna mayar da shi ɗan tsamin da ake so. Ba sa tsayawa don an ɗura kunun a gora. Su da yis suna ci gaba da aiki, suna fitar da iska, shi ya sa gorar da ta wuni a rana take yin tauri, in an murɗa murfin ta yi huci, kunun ya taso da kumfa. In aka bar shi ya daɗe, yis yakan fara samar da ɗan barasa. Mazubin da ke riƙe ragowar na jiya yana ba wa na yau iri, sai aikin kwana biyu ya gudana cikin wuni ɗaya. Wannan hali ne ya sa ƙwarya ta dace da mai nono, wadda dama so take madararta ta kama, ya kuma sa ta zama matsala ga mai kunun aya, wanda ba shi da tsamin da zai kare shi, kuma in ba sanyi da wuya ya kai yamma lafiya.

Tsoron da ya fi yawo a WhatsApp shi ne wai robar lemo tana narkar da guba cikin abin sha. An zuzuta wannan fiye da kima. Gorunan lemo da na ruwa daga robar PET ake yin su, mai lamba 1 cikin 'yar alamar kusurwa uku a gindinta. Gaskiya ne ana amfani da sinadarin antimoni wajen haɗa ta, kuma zafi yana ƙara yawan wanda ke tsattsafowa, amma a yanayin ajiya na yau da kullum abin da ake samu yana ƙasa sosai da iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa ruwan sha, wato maikurogiram 20 a kowace lita. Ainihin raunin wannan roba wani ne daban: tana fara laushi tun zafi bai wuce digiri 70 da ɗoriya ba, don haka in aka zuba mata tafasasshen ruwa sai ta motse ta karkace. Hanyar kashe ƙwayoyin cuta da kowace uwar gida ta sani, wato tafasawa, ta toshe ke nan. Ga bakin gorar ƙanƙane, soso ba ya shiga, ga zaren murfi da lungunan gindi inda danƙon sukari ke maƙalewa. Abin da aka fi yi shi ne a zuba goruna ɗari a baho ɗaya na ruwan omo, a jijjiga, a ɗauraye a baho na biyu, wanda kafin a kai rabi shi ma ya zama na farko. A jihar da ke cikin waɗanda annobar amai da gudawa ta 2021 ta fi yi wa ɓarna, shekarar da hukumar NCDC ta ƙidaya mutum sama da 100,000 da ake zaton sun kamu da fiye da 3,600 da suka rasu a faɗin ƙasa, bahon nan ba ƙaramin abu ba ne. A Yunin 2024 ma jami'an lafiya na Legas sun danganta wani ɓangare na ɓarkewar cutar a can da kunun aya marar rajista.

Duk da haka ƙwayar cuta tana da magani: sabulu, burushi mai dogon hannu, da jiƙawa cikin ruwan bilic, kimanin babban cokali ɗaya a lita 4, sannan a kife gorunan su tsane. Abin da wanki ba ya yi wa komai shi ne maganin feshi, kuma a nan ne yankinmu ya bambanta da birane irin su Kano ko Legas. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato a 1978, da niyyar shayar da kimanin hekta 23,000, ƙasar Mafara da Bakura da Maradun ta zama ta noman rani: shinkafa, masara, tumatir, albasa, dankali. Noman rani kuwa a yau ba ya tafiya sai da maganin ciyawa da na ƙwari, kuma kowace lita da aka fesa ta bar gora a bayanta. Goruna ne masu kyau, a faɗi gaskiya: roba mai kauri, murfi mai kamawa, ba ta yoyo, ba ta fashewa in ta faɗo daga babur. Manomin da ya ɗauraye irin wannan ya cika da ruwa ko kunu ya rataya a kafaɗa zuwa gona ba wauta ya yi ba a lissafinsa, ya ga kaya ne mai amfani. Sai dai robar da aka fi yin su da ita, HDPE mai lamba 2, tana shan sinadarai masu maiƙo cikin jikinta, sannan ta riƙa sako su a hankali cikin duk abin da aka zuba daga baya. Ƙamshi yakan tafi, maganin bai tafi ba. Saboda haka ne ƙa'idar da hukumomin FAO da WHO suka fitar a 2008 ta ce a ɗauraye gorar sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin tankin feshi, a huda ta yadda ba za ta ƙara riƙe komai ba, kuma ko an ɗauraye kada a sa mata abinci ko ruwa.

Akwai kuma juyin wannan, wanda ya fi ban tsoro. Ƙaramin manomi ba kullum yake iya sayen lita guda ba, sai mai shago ya auna masa a robar lemo. Haka ake ɗura fiya-fiya, haka ake ɗura fetur da baƙin mai. In aka gama, robar ta koma bola, mai tsinta ya ɗauka, ta shiga ƙullin da ake sayar wa mai zoɓo, ga takardar kamfanin lemo a jikinta tana shaidar zur. Maganin ciyawa na paraquat ba shi da makari, kurɓa ɗaya tana iya kashe babba. A Amurka, inda doka ke da tsauri, hukumar kare muhalli ta ce a 2016 mutum 17 ne suka mutu tun daga 2000 ta hanyar shansa bisa kuskure bayan an juye shi a mazubin abin sha, uku daga cikinsu yara. NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwanni a 2019, amma dokar da ta hana ƙaramar kwalbar kamfani ba ta hana mai shago aunawa a tasa ba.

Za a ce, ai mun daɗe muna sha ba abin da ya same mu. Bazamfare ne ya fi kowa cancantar ya yi shakkar wannan magana. Kafin Maris na 2010, lokacin da likitocin MSF suka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, mutane suna niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, da injinan niƙa da turame irin waɗanda hatsi ke bi, kuma ba wanda ya ga komai a ido har sai da yara suka fara mutuwa, a ƙarshe aƙalla 400 suka rasu. Guba ƙanƙanuwa da ake sha kullum ba ta kayar da mutum a kasuwa. Takan fito a matsayin ciwon kai, jiri, ciwon ciki, yaron da ba ya gane karatu, a ɗora wa shawara ko zazzaɓi. Wannan ya shafi tukunya ma. Zoɓo yana da tsami ƙwarai, kuma tsami yana cin ƙarfe. Wani bincike da aka yi a Kamaru a 2014 ya nuna tukwanen alminiyon da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarfe suna sakin dalma in an dafa abu mai tsami a ciki, irin tukwanen da ke kowace kasuwa a Arewa. Barin zoɓo ya kwana a cikinsu, ko a bokitin kwano, ya fi robar lemo haɗari nesa ba kusa ba, amma ba a cika jin ana maganarsa ba.

To me ya sa ba za a hana kawai ba? Domin hanin ba zai kai inda cutar take ba. Galibin masu wannan sana'a matan aure ne a cikin gida, ribarsu a kowace gora 'yar kaɗan ce, sabuwar gora daga Kano za ta cinye ta. In aka matsa musu, leda za su koma, wadda ake hura wa iska da baki kafin a ɗura, ake kuma yarwa ta toshe magudanar ruwa. Sabuwar gora ma ba ta gyara gurɓataccen ruwa ko mugun kayan haɗi: abin da ya kwantar da ɗaruruwan mutane a Kano a Maris na 2021, wasu suna fitsarin jini, wani sinadari ne da aka sayar da sunan ɗan tsami, ba ruwansa da mazubi. Kuma 'yan duba-gari nawa ƙaramar hukuma take da su da za su bi kowace kula?

Aikin ya fi sauƙi a wurin da ake sanin tarihin mazubi, tun kafin ya ɓace cikin bola. Manomi shi kaɗai ya san abin da galan ɗinsa ya ɗauka, kuma huda shi da wuƙa bai kai minti ɗaya ba. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Bakolori, waɗanda aka farfaɗo da su ƙarƙashin shirin TRIMING na Bankin Duniya, suna tara manoma kan kuɗin ruwa da yashe magudana. Ƙara maganar huda gora da wurin tara ta a bakin kowane sashe ba zai ci musu komai ba. Mai shagon maganin feshi a iya ɗaure lasisinsa da sharaɗin kada ya auna a robar abin sha. Mai zoɓo kuma, wadda ta fi kowa asara in aka ce kayanta ya kwantar da wani, tana da hanyar da kamfanonin lemo suka bi shekara da shekaru da kwalaben gilashi: ta mallaki gorunanta, ta sa musu alama, ta rage wa wanda ya dawo da gora wani abu a farashi, ta sayi ƙari daga gidan biki ko shagon da ta sani maimakon hannun mai tsinta. Wadda ta karce ko ta dushe a fitar da ita. Ga masu yawan ciniki a tasha da bakin makaranta, jarkar man gyaɗa da aka wanke ko kula mai famfo, mai saye ya zo da kofinsa, ta fi goruna hamsin da ba a san asalinsu ba. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da kwalejin aikin gona ta Bakura suna da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. Ɗiban zoɓo da kunun aya daga kasuwannin ƙananan hukumomin uku a auna, a bayyana sakamakon da Hausa a rediyo, aiki ne da zangon karatu ɗaya zai isa.